Sakatar Na'urar Kiɗa ta Aljihu: Aikinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Ƙorafi iri biyu ne aka fi ji daga bakin masu amfani da 'yan na'urorin sauraron kiɗa da karatu waɗanda ake sawa a aljihu. Na farko shi ne mutum ya cika batir da dare, ya jefa na'urar cikin jaka da safe, amma da ya ciro ta da azahar sai ya tarar batir ya mutu murus, alhali ko waƙa ɗaya bai saurara ba. Na biyu kuwa shi ne ya yi ta danna maɓallai na'urar ta ƙi ko motsi, har ya yanke cewa ta lalace, ya kama hanyar shagon mai gyara. Sau da yawa tushen waɗannan matsaloli biyu guda ne, watau wani ɗan maɓalli da bai kai ƙwayar shinkafa biyu tsawo ba, wanda yake gefe ko saman na'urar, an rubuta HOLD kusa da shi. Na farko bai rufe shi ba, na biyu kuma ya manta ya rufe shi.

Wannan maɓalli ba danna shi ake yi ba, tura shi ake yi gefe guda ya tsaya a nan har sai an dawo da shi, kamar dai yadda ake yi da sakatar ƙofa. Don haka a cikin wannan maƙala za a riƙa kiransa sakata.

Yadda aka soma buƙatarta

A ranar 1 ga Yuli, 1979, kamfanin Sony na ƙasar Japan ya fito da Walkman na farko, mai lamba TPS-L2, wanda ke cin kaset. Maɓallan na'urorin kaset na wancan lokaci ƙarfin yatsa suke amfani da shi kai tsaye. Idan mutum ya danna maɓallin kunnawa, shi ne da kansa yake tura kan karanta kaset da 'yar robar da ke matse zaren, yana danne sifirin da ke ciki. Abu ne mai tauri, kuma sai maɓallin ya nutse sosai kafin a ji ya ce "ƙyas". Makulli ko kwabon da ke cikin aljihu ba shi da wannan ƙarfi, saboda haka taurin maɓallin kansa ya isa tsaro.

Al'amarin ya sauya ne da aka koma maɓallai masu laushi, waɗanda aikinsu kawai su haɗa waya biyu na ɗan lokaci, sa'an nan wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke ciki ta ɗauki saƙon ta aikata sauran. Na'urar faifan CD ta tafi-da-gidanka da Sony ya fitar a 1984, da MiniDisc a 1992, da na'urorin MP3 da suka fara bayyana a 1998, duk a kan wannan tsari suke. Mai saye ya ji daɗi domin taɓawa kaɗan ta wadatar. To amma fa abin da ya sauƙaƙa wa yatsa ya sauƙaƙa wa duk wani abu da ya gogi na'urar. Littafi a jaka, ko cinyar mai ita sa'ad da ya zauna a mota, ko ɗamarar wando, kowanne yana iya ba da umarni, ita kuma na'urar ba ta da hanyar sanin wane dannawa ne da nufi, wane ne kuskure.

Da kamfanin Apple na Amurka ya gabatar da iPod a ranar 23 ga Oktoba, 2001, mai ɗaukar waƙoƙi kimanin 1,000, ya sa sakata a samanta. Idan aka tura ta, wani ɗan layi mai ruwan lemo yakan bayyana a gefenta, hoton kwaɗo kuma ya fito a allon na'urar. Wannan alama ta zauna a jikin manyan iPod har zuwa 2014 da aka daina ƙera iPod classic.

Abin da ke faruwa a ciki

Mutane da yawa suna zaton sakata wani ƙarfe ne da ke shiga ƙarƙashin maɓallai ya tokare su. A mafi yawan na'urori ba haka abin yake ba, kuma mai karatu yana iya gwadawa: bayan an rufe sakata, maɓallan suna ci gaba da nutsewa yadda suka saba. Bambancin yana wajen 'yar kwamfutar nan. Ita tana da ƙafafu na ƙarfe masu yawa, wasu an haɗa su da maɓallai, ɗaya kuma an haɗa ta da sakata. Kafin ta aikata kowane umarni sai ta duba ƙafar sakata tukuna. In ta ga a buɗe take, ta aikata. In ta ga a rufe, ta yi watsi da umarnin, iyaka wasu na'urorin Sony sukan nuna kalmar HOLD a allo na ɗan lokaci don su tuna wa mai ita.

A nan ne maganar batir ta shigo. Galibin waɗannan na'urori ba sa mutuwa gaba ɗaya idan an ce an kashe su. Barci suke yi, wani ɗan sashe yana zaman jiran a taɓa maɓalli. A iPod, alal misali, kowane maɓalli aka taɓa yana tashe ta. Da ta farka sai allo ya kama, fitilarsa ta kunnu, idan kuma mai faifan ajiya mai juyawa ce, ɗan injin da ke juya faifan ya tashi, wanda shi ne ya fi komai shan wuta. Idan maɓallin kunnawa ne aka danne bisa kuskure, sai ta yi ta rera waƙoƙi a cikin jaka babu mai ji, har batir ya ƙare. Batiran litiyam kuwa suna da iyakar yawan cikawa da ƙarewa da za su jure, ɗaruruwa ne kawai kafin ƙarfinsu ya fara raguwa a fili. Duk wutar da ta zube a jaka, daga cikin wannan lissafi aka cire ta.

Akwai kuma maɓallan da ba sa buƙatar ko da dannawa. Daga 2002 zoben da ke fuskar iPod ya daina juyawa, ya koma mai jin taɓawa. A ƙarƙashin robar akwai 'yan faranti na ƙarfe da ke riƙe da ɗan cajin lantarki. Jikin ɗan Adam kuwa, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum ruwa ne, kuma ruwan yana ɗauke da gishiri iri-iri da ke sa lantarki ya iya bi ta cikinsa. Idan yatsa ya kusanto, yawan cajin da farantin zai iya riƙewa yakan ɗan sauya, na'urar ta auna sauyin ta gane inda yatsan yake. Shi ya sa tsinken ashana ba ya motsa zoben, safar hannu mai kauri ma haka. Sai dai na'urar ba ta san yatsa ba, ruwa mai gishiri ta sani. Cinya mai gumi a bayan siririn yadin aljihu tana iya yi mata kama da yatsa, kuma a iPod wannan zobe shi ne ke ƙara sauti da rage shi sa'ad da waƙa ke tafiya.

Yadda ake amfani da ita

Ƙa'idar farko ita ce a san cewa sakata ba ta kashe na'ura. Halin da ta tarar da na'urar shi take tabbatarwa. Wanda yake son sauraro yana tafiya, sai ya zaɓi abin da zai ji, ya daidaita sauti, sa'an nan ya rufe sakata ya sa a aljihu. Wanda kuma yake son ajiyewa, wajibi ne ya fara tsayar da waƙar ko ya kashe na'urar kafin ya rufe. A iPod ana yin haka ne da danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi har allo ya ɗauke. Wanda ya cire iyafis daga kunne ya rufe sakata alhali waƙa tana tafiya, ya kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki.

Ba kowace na'ura ce ke da sakata mai zaman kanta ba. A Sansa Clip da kamfanin SanDisk ya fitar a 2007, abu ɗaya ne ke aiki biyu: a tura shi sama ya kunna, a tura shi ƙasa ya kulle. A Sansa Clip+ ta 2009 kuwa sai an danne maɓallin komawa shafin farko na ɗan lokaci. Wasu iPod shuffle, da yake ba su da allo, ana danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 3, sai 'yar fitila ta ƙyafta da ruwan lemo don nuna an kulle. Duk wanda ya riƙe tsohuwar wayar Nokia a shekarun da suka biyo bayan zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 ya san wannan dabara, domin ita ce ta danna maɓallin tsakiya sa'an nan a bi da tauraro. Amfanin sakata ta zahiri a kan waɗannan shi ne mutum yana iya lalubawa da yatsa ya san halin da take ciki ba tare da ya ciro na'urar ba.

Akwai abubuwan da sakata ba ta rufewa, kuma ya kamata a san su. Na'urorin MiniDisc da CD da yawa suna zuwa da ɗan abin sarrafawa a jikin wayar iyafis, mai tasa sakatar daban, kuma rufe ta jikin na'urar ba ya hana shi aiki. Da gangan aka yi haka, domin a kulle wadda ke cikin jaka a riƙa sarrafa ta daga ƙirji. Haka nan a na'urorin da ake ƙara sautinsu da ɗan gare mai juyawa, wannan gare kai tsaye yake rage wuta ko ƙara ta, bai bi ta wurin 'yar kwamfutar ba, saboda haka sakata ba ta da iko da shi. Sa'an nan sakata ba maganin ɓarawo ba ce, ba kuma maganin yaro mai wayo ba. Don wannan ne aka sa wa wasu iPod kulle na daban mai lambobin sirri 4.

Idan na'ura ta ƙi amsawa, sakata ce abin dubawa na farko, tun kafin a zargi batir. A tura ta gaba a dawo da ita, a tabbata ta kai ƙarshe, domin idan ta tsaya a tsakiya ko ƙurar hunturu da zaren aljihu sun cushe ramin, na'urar tana iya ɗauka a rufe take. Busasshen buroshin goge baki ya isa share ramin. Ba a ɗiga mai ko ruwa. A galibin iPod masu zobe, idan duk da haka na'urar ta ƙi, umarnin kamfanin shi ne a rufe sakata a buɗe, sa'an nan a danne maɓallin MENU tare da na tsakiya na daƙiƙa 6 zuwa 8 har alamar kamfanin ta fito. Wannan ba ya goge ko waƙa ɗaya.

Abin da kunne ke samu

Asarar batir kuɗi ne ke maganinta. Akwai wadda ta fi ta. A can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa 3 da ke bayansa, akwai wani bututu mai cike da ruwa da ya naɗe kamar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu 'yan gasu-gasu a kansu. Sauti yana girgiza ruwan, gasun su lanƙwasa, ƙwayoyin su mayar da girgizar saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan ta daɗe ta kashe su. A 1988 masana suka nuna cewa tsuntsaye suna iya sake tsiro da waɗannan ƙwayoyi bayan ƙara ta lalata su. Ɗan Adam da sauran dabbobi masu shayarwa ba su da wannan baiwa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma ma'auni ne mai yaudara, domin ƙarin desibel 3 kacal yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Bisa ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara a 1998, kunne zai jure desibel 85 na awa 8 a rana, 88 na awa 4, 91 na awa 2, idan kuwa aka kai 100, minti 15 ne kawai. Na'urorin aljihu da yawa suna kaiwa 100 har su wuce. Shi ya sa Faransa ta kafa doka a 1996 cewa kada su wuce desibel 100, har Apple ya dakatar da sayar da iPod a ƙasar na ɗan lokaci a 2002 kafin ya gyara. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa matasa biliyan 1.1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan sauraro da wuraren shaƙatawa masu ƙara, a 2019 kuma ta ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75.

Kunne yana da ɗan tsaronsa. Wata 'yar tsoka, wadda ita ce mafi ƙanƙanta cikin tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin mutum, takan ɗaure ƙashin ƙarshe na ukun nan idan ƙara ta yi yawa. Amma sai ƙarar ta riga ta shiga take amsawa, kuma ba ta daɗewa a ɗaure take gajiya. Sautin da ya yi tsalle farat ɗaya saboda aljihu ya danne maɓalli yana isa katantanwar da dukkan ƙarfinsa. Wanda ya fi wannan wuyar ganewa shi ne sautin da ke ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ko aljihu ne ya ƙara ko mai ita ne yake ƙarawa duk sa'ad da ya shiga hayaniyar tasha, domin kunne yakan saba, mutum ya daina jin cewa abin ya yi yawa. Dabara mai kyau ita ce a daidaita sauti a wuri mai shiru, a rufe sakata, a bar shi haka. Ya kamata dai a tuna cewa sakata ba ta rage sauti. Wanda ya kulle a kan ƙara mai yawa ya ƙara wa kansa wahalar ragewa ne. Aikin ƙayyade sauti na wani tsari ne daban, kamar AVLS a na'urorin Sony, ko iyakar sauti da Apple ya ƙara wa iPod a 2006. Mai tsallaka titi kuwa, cire iyafis ya fi saurin laluben sakata.

Sakatar da ke jikin mutum

Masu nazarin halittu ba za su ga baƙon abu a wannan dabara ba, domin jiki ya daɗe yana amfani da irinta. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka bayyana wani mataki na barci wanda idanu ke yawo da sauri a ƙarƙashin fatarsu. Yakan fara zuwa kimanin minti 90 bayan mutum ya yi barci, ya riƙa dawowa har asuba, kuma a cikinsa ne aka fi yin mafarkai masu tsari. A lokacin ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta mai ido biyu. Mai mafarkin gudu, sashen ƙwaƙwalwarsa mai ba da umarnin motsi yana aiki, amma ƙafafunsa suna kwance. Dalili shi ne daga gindin ƙwaƙwalwa ake aika saƙo zuwa jijiyoyin laka masu motsa tsoka, ana zuba musu sinadarai biyu, gilisin da GABA, waɗanda ke hana su amsa kira. Ba a haɗa da tsokar numfashi da ke tsakanin ƙirji da ciki ba, ba a kuma haɗa da tsokokin ido ba. Watau an zaɓi abin da za a kulle, an bar abin da dole ya ci gaba.

A 1965 Michel Jouvet na birnin Liyon a Faransa ya nuna abin da ke faruwa idan babu wannan kulle. Kyanwoyin da aka lalata musu wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa sai suka riƙa miƙewa cikin barci suna sanɗa da kai farmaki ga abin da babu shi. A 1986 likitoci a jihar Minnesota ta Amurka suka bayyana irin wannan ciwo a mutane, masu naushi da shuri cikin barci har su ji wa kansu ko abokan kwanansu rauni. Akasin haka kuma shi ne abin da Hausawa ke kira dannau: hankali ya farka amma kullen bai saki ba tukuna, mutum yana gani yana ji, ya kasa ɗaga ko yatsa, na 'yan daƙiƙoƙi ko mintoci. Abin yana da ban tsoro, sai dai da kansa yake wucewa, kuma rashin isasshen barci da kwanciya rigingine suna cikin abubuwan da ke ƙara kawo shi. Kwatancin bai cika daidai ba, tun da jijiya ba waya ba ce, amma mutumin nan da ya nufi shagon mai gyara da na'ura lafiyayya, dannau ne ya kama na'urarsa.

A yau wayar hannu ta karɓe mafi yawan aikin waɗannan na'urori, Apple ma ya sanar da daina ƙera iPod ta ƙarshe a watan Mayu na 2022. Aikin sakata ya koma hannun kullen allo, da wani ɗan ido da ke saman waya mai kashe allon idan an kara ta a kunne don kada kumatu ya katse kira. Duk da haka maɓallan sauti na gefen waya galibi suna aiki ko allo yana kulle, matuƙar waƙa tana tafiya, saboda haka aljihu yana iya ƙara sauti kamar da. Walkman samfurin NW-A306 da Sony ya fitar a 2023 yana da allo mai jin taɓawa irin na waya, amma a gefensa, ƙasa da maɓallan sauti da na sauya waƙa, an bar sakata mai turawa da rubutun HOLD kusa da ita.